Gwajin Ruwan Dam: Labarin Jiya ko na Yau?

Ruwan dam yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro da gudawa. Shi ya sa masu kula da wuraren iyo ba sa yarda da shaidar ido. Abin da suke farauta shi ne E. coli, ƙwayar da ke zaune a hanjin mutum da dabba. Idan ta yi yawa, an san bahaya ta shiga ruwan. A 1986 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyaka ga wuraren da aka keɓe don iyo: kada a samu fiye da ƙwayoyi 235 a mililita 100 a ɗiba guda.

Hanyoyin gano hakan biyu ne.

Ta farko tsohuwa ce, wato renon ƙwayoyin. A ɗebo ruwa a kwalba, a zuba masa garin Colilert, a juye a wani faranti mai gurabe 97, a liƙe, a ajiye a ɗumi mai maki 35 har awa 24. Washegari sai a haska shi da fitila ta musamman. Duk gurbin da ya yi rawaya kuma ya yi ƙyalli, akwai E. coli a ciki. Hanyar tana da araha, ma'aikaci kan ƙware a 'yan kwanaki, kuma masu rai take ƙirgawa. Aibinta jinkiri. Ruwan da aka ɗiba ranar Asabar, sai Lahadi ake jin labarinsa, bayan yara sun gama kurme sun koma gida. Ihu bayan hari ke nan.

Ta biyu ita ce qPCR, wadda hukumar ta amince da ita a 2012 don auna wata ƙwayar hanji daban da E. coli, wadda ita ma ke nuna shigar bahaya. Ba a jiran ƙwayoyin su hayayyafa. Na'ura ce ke auna ƙwayoyin halittarsu, sakamako ya fito cikin 'yan awoyi. Birnin Chicago ya rungume ta a gaɓar tafkin Michigan: a ɗebi ruwa da sassafe, a kafa gargaɗi a ranar. Sai dai na'urar na da tsada, tana son ƙwararru da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma ba ta bambance matacciyar ƙwaya da rayayya.

To, wacce ta fi? Wajen sauri, ta biyu ba ta da na biyu. Amma a dam irin na Tiga, wanda aka kammala a 1974, inda shanu ke shan ruwa, masunta na aiki, matasa na iyo, tsohuwar ce za ta ɗore. Za a iya cike giɓinta da abin da aka riga aka sani: ruwan sama kan wanko kashin dabbobi ya zuba a dam, don haka a hana shiga ruwa kwana biyu bayan mamako. Gwaji mai araha da ake yi kowane mako ya fi na'ura mai tsada da ke kulle a ofis.