Ko Kun Sani? Hijirar Da Ta Kai Bakin Kogin Nilu

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu. Ya yi hijira zuwa gabas, malamai da talakawa da mata da yara suka bar gonakinsu suka bi shi. Sojojin Turawa suka cim masa a Burmi, a jihar Gombe ta yau, ya rasu a fagen daga a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, inda jikokinsu ke jin Hausa da Fulatanci har yau.

Ingilar ma ta san irin wannan gudu. A 1620 jirgin Mayflower ya kai mutum 102 Amurka, cikinsu har da Kiristocin da suka ƙi bin cocin sarkinsu.

A hanyar gabas ɗin kuwa, Maiduguri, da aka kafa a 1907, ita ta zama babban zangon alhazan ƙasa masu bin hanyar Chadi da Darfur zuwa Makka.