Fom ɗaya, jami'o'i da yawa: Wahalar neman digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma

Keffi gari ne na ɗalibai da ma'aikatan lafiya. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma Abuja da ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba. Shi ya sa ba a rasa likita, ko nas, ko ma'aikacin ɗakin gwaji, ko dubagari da ke da burin ƙaro karatu a fannin kiwon lafiyar al'umma, wato ilimin da ke duba lafiyar gari baki ɗaya: rigakafi, tsaftar ruwa, bin sawun annoba da tsara asibitoci. Buri ne mai kyau. Amma kafin mutum ya ga ƙofar aji, sai ya sha wahalar da ba ta da alaƙa da ilimi ko kaɗan.

A ce ma'aikaciya tana so ta gwada sa'arta a Keffi, da Zariya, da Kano. Kowace jami'a da shafinta na intanet, da kuɗin fom ɗinta, da ranar buɗewa da rufewa. Sau uku za ta rubuta tarihinta, sau uku za ta ɗora takardar digiri da ta bautar ƙasa, sau uku kuma za ta koma wurin tsofaffin malamanta tana roƙon wasiƙar shaida, har kunya ta kama ta. Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da takardar cikakken sakamako, wadda 'yan boko ke kira taransikirif. Ita ba a yarda ɗalibi ya kai ta da hannunsa; tsohuwar makarantarsa ce za ta aika wa sabuwar, kuma kowane aike da kuɗinsa. A nan ne burin mutane da yawa ke mutuwa. Takarda takan yi watanni a hanya, wani lokaci ma ba ta bar ofishin da aka biya kuɗinta ba, har zangon karatu ya wuce. Mai aikin dare a asibiti ina ya ga lokacin zirga-zirgar bin fayil?

Abin lura shi ne, Nijeriya ta taɓa warware irin wannan matsala a matakin digiri na farko. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, sai ka ga mutum ɗaya ya sami gurbi a wuri biyu ko uku, wani kuma bai sami ko ɗaya ba. Wannan na daga cikin dalilan kafa hukumar JAMB a shekarar. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta fito da tsarin CAPS, inda ɗalibi ke ganin gurbin da aka ba shi a intanet, ya karɓa ko ya ƙi. Sai dai ikon JAMB bai kai ga digiri na biyu ba. Can kowa tasa ta fisshe shi.

A Amurka, makarantun lafiyar al'umma sun haɗa kai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ASPPH, suka kafa tsarin SOPHAS. Mai nema zai cike fom ɗaya, ya sa a aika sakamakonsa da wasiƙun malamansa wuri guda, a tantance su sau ɗaya, sannan ya zaɓi makarantun da yake so a tura wa. Yana biyan kuɗin zaɓin farko, da ƙarin wani abu a kan kowane zaɓi na gaba. Muhimmin abu a nan shi ne SOPHAS ba ya ba kowa gurbi. Aikinsa tattarawa da isarwa; hukunci yana hannun kowace makaranta. Na jaddada wannan ne domin jami'o'inmu suna kishin 'yancinsu, kuma suna da gaskiya. Ba wanda ke neman a ƙwace wa majalisar jami'a ikon zaɓen ɗalibanta, ba kuma sabuwar jarrabawa ake nema ba.

Tsarin bai-ɗaya yana da nasa haɗarin, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 2025 JAMB da kanta ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawa. Idan ƙofa ɗaya ce tak, ranar da ta cije kowa a waje zai kwana. Akwai kuma tsoron kada sabon tsarin ya zama ƙarin kuɗi a kan na da, ɗalibi ya biya cibiya, ya sake biyan jami'a. In haka za a yi, gara a bar mu yadda muke.

To me ya sa ya kamata a fara irin wannan tsari da lafiyar al'umma? Saboda mun ga amfanin masu wannan ilimi da idonmu. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a 2014, cikin waɗanda suka bi sawun masu cutar gida-gida akwai waɗanda suka fito daga shirin horar da masu binciken annoba da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Ibadan. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma a watan Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kau daga ƙasar. Zazzaɓin Lassa kuwa kowane rani sai ya dawo, kwalara kuma tana jiran damina. Ƙasar da ke cikin wannan hali bai dace ta rasa ƙwararre ɗaya saboda takarda ta maƙale a ofis ba.

Ba sai an jira doka daga Majalisar Tarayya ba. Jami'o'i huɗu ko biyar da ke koyar da fannin za su iya zama su amince da fom ɗaya, da lokacin nema ɗaya, da rumbu ɗaya na intanet inda za a ajiye sakamakon da aka tantance. Ina kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da shugabannin makarantun gaba da digiri, har da na Keffi, da su fara da batun taransikirif: a aika shi sau ɗaya, a biya sau ɗaya, kowace jami'a ta karɓa.