Bijimi da Beyar a Kasuwa: Kalmomin Hannun Jari da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

Idan ana karanta labaran tattalin arziki a rediyo, sau da yawa za ka ji an ce "hannayen jari sun tashi" ko "kasuwa ta faɗi". Kasuwar da ake nufi tana Legas. An kafa ta a 1960, ta fara aiki a 1961, yanzu kuma ana kiran ta NGX.

Hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya sayi hannun jarin Dangote Cement ko MTN Nigeria ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, komai ƙanƙantar rabonsa. Ba a zuwa kai tsaye a saya, sai ta hannun dillali, wato kamfanin da hukumar SEC ta ba lasisi. Idan kuma ka ji an ce IPO, ana nufin karon farko da kamfani ya fito da hannayensa don jama'a su saya.

Riba iri biyu ce. A ce ka sayi hannu 200 a kan naira 50 kowane, ka kashe naira 10,000 ke nan. Farashi ya kai naira 60, ka sayar, ka ci naira 2,000. Wannan ribar tashin farashi ce. Ta biyun ita ce rabon riba: kamfani ya ci riba, ya ware naira 3 ga kowane hannu, naka ya kama naira 600. Amma fa in farashin ya sauka zuwa naira 40, asarar naira 2,000 ke jiran ka idan ka sayar.

Dabbobin nan biyu fa? "Kasuwar bijimi" ita ce lokacin da farashi ke ta hawa, kamar yadda bijimi ke kai suka sama da ƙaho. "Kasuwar beyar" kuwa lokacin faɗuwa ne, domin beyar ƙasa take kai duka. Ana gane inda aka dosa ta ma'aunin kasuwa, wanda a Najeriya ya fara daga maki 100 a 1984, ya haura 100,000 a Janairun 2024.

Sanin waɗannan kalmomi kariya ce. 'Yan damfara kan yi ado da su don su ruɗi mutane, kamar yadda MMM ta riƙa alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, kafin ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. A kasuwa ta gaskiya babu mai lamunce maka riba. Don haka ƙanina, ƙanwata, duk wanda ya zo wa iyayenku da irin wannan tayi, ku ce a fara duba sunan kamfaninsa a jerin dillalan da ke shafin SEC kafin ko sisi ya fita.