Ko ka sani? Faifan ajiyar kwamfuta yana ƙirga awoyin da ya yi a duniya

A shagunan tura fina-finai da waƙoƙi na Magarya, da ɗakunan masu ɗaukar hoto, da teburin masu buga takardu a kusa da ma'aikatar magajin gari ta Dungas ko Wacha, jarin mai sana'a kacokan yana ƙunshe cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman ƙaramin littafi, wanda ke ɗaure da kusoshi huɗu a cikin kwamfutar tebur. Masu gyara a Damagaram suna ce masa “dis dur” da bakin Faransanci, na Kano su ce “had-dis”. Shi ne faifan ajiya, rumbun da hotunan biki da suna, da karatuttukan malamai, da takardun neman aiki na mutane ke kwance a ciki. Allo in ya mutu a sayi wani, madannai in sun lalace a sauya. Shi kuwa ranar da ya fara ƙas-ƙas-ƙas kamar ɓera na ƙwaƙular ƙwarya, aikin shekaru ne ke shirin tafiya.

Abin da ke cikinsa yana da ban al'ajabi. Faya-faye ne masu sheƙi, na alminiyom ko gilashi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Na biyun zagaye 120 ke nan a daƙiƙa guda. A samansu wata allura ce ke rubutu da karatu, amma ba ta taɓa su ko kaɗan: iskar da juyawar ke haifarwa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar ƴan nanomita. Kaurin gashin kan mutum ya kai nanomita dubu saba'in ko fiye, don haka ƙwayar ƙura guda ta hazon hunturu tamkar dutse ce a gaban wannan allura. Shi ya sa mai gyaran da ya kwance murfin faifai a shago don “ya duba ciki” ya gama da shi a nan take. Shi ya sa kuma harbin ƙafa ɗaya a jikin kwamfutar da ke kunne a ƙarƙashin tebur kan isa allurar ta karci faifan.

Na farko a duniya kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1956, tare da kwamfutar RAMAC. Faya-faye 50 ne a cikinsa, kowanne faɗin inci 24, nauyinsa wajen tan ɗaya, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit biyar ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. A 1980 Seagate ya matse wannan megabayit biyar ɗin cikin akwatin da ke shiga kwamfutar tebur. Kamfanoni da dama sun shiga sana'ar suka fita. Seagate ya haɗiye Maxtor a 2006 da sashen faifai na Samsung a 2011, Western Digital ya saye na Hitachi a 2012, yau saura uku kaɗai: su biyun da Toshiba. Wannan ilimi ne mai amfani a kasuwa. Faifan da aka gani da sunan Maxtor ko Samsung ko Hitachi a teburin mai sayarwa, ko da an goge shi yana ƙyalli, shekarunsa sun riga sun bayyana. Wanda kuma ke ɗauke da sunan da ba a san shi ba, galibi tsoho ne na ɗaya daga cikin ukun nan aka sake wa takarda.

Tambayar da kowa ke yi ita ce wane kamfani ya fi. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze a Amurka, mai aiki da faya-faye sama da dubu ɗari biyu, yana wallafa ƙididdigar mutuwarsu tun 2013, kuma abin da ta nuna shi ne samfuri ya fi suna muhimmanci. A jimlace, tsakanin ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ke mutuwa a shekara. Amma wani samfurin Seagate mai terabayit 3, lambarsa ST3000DM001, da suka saya da yawa a 2012 bayan ambaliyar Tailan ta 2011 ta nutsar da masana'antu ta ninka farashi, wajen kashi 30 cikin 100 nasa sun mutu cikin shekara uku, alhali wasu samfuran kamfanin guda sun yi ƙarko a ɗaki ɗaya da shi. Mai saye ya karanta doguwar lambar da ke kan takardar faifan, ita ce ainihin sunansa.

A Magarya da Dungas dai akwai tambayar da ta riga wannan zuwa. Kaɗan ne daga faya-fayen da ke isowa gundumomin nan biyu ke zuwa a rufe cikin ledar masana'anta. Galibi gwanjo ne, irin kayan da ake wa laƙabi da “Faransa sai wata rana”, an ciro su daga kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka, sun biyo ta Legas zuwa titin Bairut a Kano, sannan suka haura ta Tinkim ko Maigatari, ko suka gangaro daga Damagaram. Gwanjo ba laifi ba ne, da shi akasarin shagunan yankin suka tashi. Matsalar ita ce ido ba ya bambanta wanda ya yi wata shida da wanda ya yi shekara bakwai yana juyi dare da rana.

Shi faifan ya sani, kuma yana faɗa in an tambaye shi. Kowane faifai yana da wani littafin lissafi a cikinsa da ake kira SMART, inda yake rubuta awoyin da ya yi a kunne, sau nawa aka kunna shi, zafin jikinsa, da adadin gurabun da suka lalace ya kauce musu. Wata ƴar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, tana fito da wannan littafi cikin daƙiƙoƙi, kuma tana shiga kowane filas. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Faifan da ya nuna awa 40,000 ya haura shekara huɗu da rabi yana aiki, ko me mai shago ya rantse da shi. Idan manhajar ta nuna shuɗi, lafiya lau. Idan ta nuna rawaya, a ajiye shi a nemi wani, ko an rage kuɗin zuwa rabi. Injiniyoyin Google sun bi diddigin faya-faye sama da 100,000 suka wallafa sakamakon a 2007: wanda aka kama da kuskuren farko a saman faifansa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a jona faifai a gwada a gabansa, mai saye ya ɗauki kuɗinsa ya ƙara gaba. Mutumin Bande ko Dogo-Dogo ba shi da halin komawa Kano don musanya.

Har wannan littafin ma akan yi masa maguɗi. A farkon 2025 mujallun Heise na Jamus suka bankaɗo cewa an sayar da tsofaffin manyan faya-fayen Seagate a matsayin sababbi a ƙasashe da dama, bayan an mayar da ƙirgen awoyinsu sifili. Wani lissafi na biyu da ke ɓoye a cikinsu, mai suna FARM, shi ya tona asirin dubban awoyin da suka yi. Don haka faifan da ya ce awa goma kacal ya yi, alhali takardarsa ta nuna an ƙera shi shekara takwas da suka wuce kuma bakin kusoshinsa ya ci, abin tuhuma ne.

Ga mai sayen sabo akwai wani tarko. Domin a cusa bayanai da yawa a faifai mai arha, kamfanoni sun ƙirƙiro hanyar rubutu da ake kira SMR, inda layi ke hawa kan gefen layi kamar yadda ake jera kwanon rufi. Duk wanda ya taɓa sauya kwano ɗaya a tsakiyar rufin ɗaki ya san sai an ɗaga na kusa da shi. Haka faifan ke yi in an goge an sake rubutu, sai ya yi ta jan ƙafa. A 2020 masu saye suka gano Western Digital ya sa wannan fasaha cikin wasu faya-fayensa na Red ba tare da sanarwa ba, hayaniyar da ta biyo baya ta sa kamfanonin uku suka fito da jerin samfuran da ke da ita. Ga wanda zai zuba hotuna ya bar su, SMR ba ya da illa. Ga mai tura fina-finai da ke gogewa yana zuba sababbi kullum, na gargajiya mai suna CMR shi ne daidai, irin WD Blue mai lamba WD10EZEX ko BarraCuda ST1000DM010, duka masu terabayit ɗaya. In an jona ya nuna gigabayit 931 maimakon 1,000, ba cuta ba ce, bambancin ƙirge ne tsakanin masana'anta da Windows.

Bayan saye, ƙasar ce ke yanke sauran hukuncin. Yawancin faya-fayen tebur an ƙera su su jure har maki 60 na zafi, amma a watannin Afirilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke haura maki 40 a jihar Damagaram, shagon kwano mai kwamfutar da ƙura ta toshe wa kafofi yana kusantar wannan iyaka, kuma binciken Google ya ga tsofaffin faya-faye sun fi mutuwa in zafinsu ya wuce 45. Ƙaramar fanka a gaban faifan, da hure akwatin bayan hunturu, da ɗaga kwamfutar daga ƙasa, suna ƙara masa kwana. Wuta ta fi zafi ɓarna. Kaso mai yawa na lantarkin NIGELEC a wannan yanki yana zuwa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mutane ba su manta da yankewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba, wadda ta kai har Maris na 2024, ta kuma sa shaguna suka koma kan gurup da hasken rana. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil, dawowarta da ƙarfi kuma tana ƙona allon da ke bayan faifan. Kuɗin ondilar, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ƴan mintoci har a kashe ta cikin natsuwa, ya kamata ya shiga lissafi tun ranar sayen faifai.

Sabon nau'in ajiya na SSD ba shi da abin da ke juyi, yana jure girgizar kabu-kabu a hanyar burji, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. Tsarin da ya fi dacewa da shago shi ne ƙaramin SSD ya ɗauki Windows da manhajoji, babban faifai mai juyi ya ɗauki kaya, tunda har yanzu shi ya fi arha a kowane terabayit.

Akwai adadi ɗaya a binciken Google da ya kamata mai ɗaukar hoto a Magarya ya riƙe: kashi 36 cikin 100 na faya-fayen da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin su tafi. Ciro bayanai daga faifan da allurarsa ta karce sai a ɗaki na musamman marar ƙura, kuma kuɗinsa kan ninka na faifan sau da yawa. Faifai na biyu, wanda ake jonawa ranar Juma'a a kwafe aikin mako sannan a cire shi a tafi da shi gida, shi ne zai dawo da hotunan amarya in na shago ya ƙi tashi ranar Asabar.