Abin da Ke Ƙarƙashin Kwaltar Maraɗi

Kwaltar da motoci ke takawa tsakanin Maraɗi da Tsibiri, a kan hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, kaurinta bai wuce ƴan santimita ba. Babban aikinta tare ruwa da hana ƙura. Nauyin kaya kuwa, shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ce ke ɗauka, mai kaurin santimita 15 zuwa 20, wadda da zarar an rufe ta ba mai sake ganinta.

A Nijar da marmara aka fi yin wannan shimfiɗa, sai dai ba kowace marmara ke aiki ba. Mai kyau ita ce wadda ta haɗa manyan tsakuwa da matsakaita da gari, ta yadda in an yayyafa ruwa injin ya danne, ƙanana za su cike gurbin manya har su kame. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan ɗebi garin ya jiƙa, ya murza a tafin hannu. In ya yi siririn zare mai tsawo bai tsinke ba, yumɓu ya yi yawa. Irin wannan da rani tauri gare ta, da damina kuwa sai ta sha ruwa ta kumbura ta saki. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake jiƙa samfur kwana 4 kafin a auna ƙarfinsa da gwajin da ake kira CBR, kuma ana son shimfiɗar da ke daf da kwalta ta kai maki 80.

Ƙasar Maraɗi ba ta sauƙaƙa wa injiniya ba. A tudu jigawa ce mai rairayi, a kwarin Gulbin Maraɗi wajen gonakin noman rani na Jiratawa kuma laka ce. Dutse mai tauri sai can kudu wajen iyaka. Kuɗin ɗauko kaya daga nesa shi ke sa ɗan kwangila ya yi kwaɗayin ramin da ya fi kusa, ko da marmararsa ba ta kai ba. Akwai magani: a gauraya ta da siminti kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, ko da fasasshen dutse. Da tsada, amma bai kai sake hanya tsada ba.

Sai batun lodi. Manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina su ne masu jarraba shimfiɗa, ba ƴan kabu-kabu ba. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnarsa kan ninka kusan sau 16. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta ƙayyade lodi tun 2005, amma kafa doka daban, ɗora mota a sikeli daban.

A cikin gari, inda aka shimfiɗa sababbin tituna lokacin bikin Maraɗi Kwalliya a 2015, babban abokin gaba shi ne ruwan da ya kwanta, irin na ambaliyar watan Agustan 2024. In magudana ta toshe da shara, ruwa zai ratsa ta gefe ya jiƙa marmara. Daga nan sawun taya ya lotsa, kwalta ta tsattsage kamar raga, rami ya buɗe. Facin da aka liƙa a sama da wuya ya ga damina biyu. Sai an haƙa an kwashe ruɓaɓɓiyar shimfiɗar, an zuba sabuwa an danne, kana a kawo kwalta.