Taron Masana Harshe ta Intanet da Matsayin Ƙasar Maraɗi

Tun daga taron Bamako na 1966, inda UNESCO ta tara masana don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har zuwa taron Yamai na 1980 a kan ƙa'idojin rubutun Hausa, sharaɗin shiga muhawarar ilimi ɗaya ne: sai wanda ya samu kuɗin jirgi da masauki. Annobar korona ta 2020 ta sauya wannan al'ada. A watan Yuni na 2021 an gudanar da babban taron duniya na goma na masana harsunan Afirka ta intanet, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Mai bincike yana gabatar da maƙalarsa daga ɗakinsa, ba biza, ba guzuri.

Sai dai kuma shingen bai gushe ba, wuri ya canja. Zaman bidiyo na awa biyu yana buƙatar wutar lantarki da layin sadarwa mai ƙarfi. Wutar jahar Maraɗi kuwa tana shigowa ne daga Katsina ta tashar Gazawa, kuma da Nijeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, an ga yadda abin yake da rauni. Malamin makaranta da ke Agye ko Gidan Rumji yana iya samun gayyata, ya kasa jin ko jimla ɗaya.

Wannan asara ce ga ilimin kansa, domin a waɗannan gundumomi ne Katsinanci da Gobiranci suka haɗu, Tibirin Gobir ma tana cikin gundumar Gidan Rumji. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "fari" ta launi da "fari" na rashin ruwan sama kamanninsu ɗaya a takarda, kunne ne ke rarrabe su. Haka kuma "hwaɗi" da ake furtawa a yamma, inda Bakano ke cewa "faɗi".

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin masana su ba saƙon murya na WhatsApp muhimmanci, tun da ba ya cin kuɗi da yawa, kuma yana jira har layi ya dawo. A naɗi maƙaloli a rarraba kafin taro, a karɓi tambayoyi da murya cikin mako guda, a kuma tanadi ɗaki mai wutar hasken rana a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Ta haka masu harshen za su zama abokan bincike.