Mota Mai Jan Ƙafa: Abin Da Ke Riƙe Ta Da Maganinsa

Cikin ƙorafe-ƙorafen da masu mota su kan kai gareji, akwai wani wanda ya ke da wuyar bayani ga mai shi. Mutum ya kan ce motarsa ta yi nauyi, sai ka ce an ɗaura mata kaya a baya, ko kuwa tana tafiya cikin rairayi alhali bisa kwalta ta ke. Da yawa su kan ƙara taka totur su ci gaba da harkarsu. Wannan kuwa ganganci ne, domin abin da ke riƙe mota yana shan mai a banza, yana cin taya, kuma in birki ne, wata rana zai ƙi ci a daidai lokacin da a ke bukatarsa.

Abin da ya kamata a fara rarrabewa shi ne: inji ne ya rasa ƙarfi, ko kuwa wani abu ne ke riƙe ƙafafun? Gwajin ba ya bukatar ko kwabo. A sami miƙaƙƙiyar hanya wadda ba hawa ba gangara, ba kuma jama'a, a yi tafiya sannu, sa'an nan a sa giya a firi. Mota mai lafiya ta kan gangara da nisa kafin ta tsaya. Idan ta tsaya da wuri, har ta ɗan duƙa a ƙarshe kamar an taka mata birki, to, laifin yana ƙafa. Idan kuwa ta gangara lafiya lau, sai a koma wajen inji: matatar iska wadda ƙurar hunturu ta toshe, ko matatar mai, ko fulogi, ko salansa da ta cushe. Kuloci ma ya kan ruɗi mutane, amma alamarsa a fili ta ke, watau inji ya yi ta ruri mota ba ta ƙara gudu.

In an tabbata a ƙafa ne, a fara da iskar taya. Yawancin ƙananan motoci suna son wajen fam 30 zuwa 35, amma ainihin adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. A auna da safe tun taya ba ta yi zafi ba. Shurin taya da ƙafa ba awo ba ne, ko da ya ke na san tsofaffin direbobi ba za su yarda da ni ba.

Amma galibi birki ne mai laifi, kuma nan ya kamata mu dakata. Motocin da sun dogara ga birkin ganga ne, wanda takalmansa ke buɗewa daga ciki. Birkin faifai ya fara yaɗuwa bayan da kamfanin Citroën na Faransa ya sa shi a motarsa DS cikin 1955, yau kuwa da wuya ka ga ƙaramar mota wadda ba shi ne a ƙafafunta na gaba ba. Aikinsa shi ne, in an taka, man birki ya tura fistin, fistin ya matse takalma biyu a jikin faifan. In an ɗaga ƙafa, wata 'yar roba ce kurum ke ja da fistin baya, ja kuwa ɗan ƙanƙane ƙwarai. Saboda haka tsatsa kaɗan ta isa ta hana shi komawa. Da zarar robar da ke kare shi ta yage, ruwan damina da ƙura sun sami ƙofa ke nan.

Ga yadda a ke kama shi. A yi tafiyar kilomita biyar ko shida ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa, ba a taɓa ba, domin faifan ya kan ƙona fata. Ƙafar da ta fi 'yan'uwanta zafi, ko ta ke ƙauri, ita ce. Kada a watsa mata ruwan sanyi, faifan zai iya lanƙwashewa. Sau da yawa kuma motar ta kan ja sitiyari zuwa wannan gefen. Abin mamaki, in an taka birki ta kan karkata ɗaya gefen, domin birkin da ya sha zafi ya riga ya rasa kaifinsa. Bayan ta huce, a ɗaga ta da jak, a tokare ta sosai, a juya ƙafar da hannu.

Daga nan aiki ya koma hannun makaniki, amma yana da kyau mai mota ya san abin da za a yi masa. Akwai wata 'yar ƙusa da a ke kwancewa don fitar da iska daga birki. In an sassauta ta, mai ya tsarto, ƙafa ta saki nan take, to, man ne ya ke zuwa ba ya komawa. In ƙafa ɗaya ce, tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, ko da a waje yana nan kamar sabo. In duka ƙafafun ne, a duba babban famfon birki, a kuma duba ko fedar tana komawa wurinta sarai. Idan kuwa an sassauta ƙusar ƙafa ba ta saki ba, fistin ne ya cije, ko ƙusoshin da birkin ke zamewa a kansu sun bushe. A wanke su, a sa musu irin giris ɗin da ba ya cin roba. In ƙafafun baya ne kaɗai, a fara zargin wayar birkin hannu, musamman ga motar da ta daɗe a ajiye.

Man birki kansa yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa ƙa'idarsa ta kan sauko zuwa 155. Birki mai jan ƙafa kuwa murhu ne. In man ya tafasa a gangara, feda sai ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Don haka a ke so a sake shi duk shekara biyu. Man inji ko na giya in ya shiga tukunyar birki, robobin duka su kan kumbura, sai an sake su gaba ɗaya.

Saura boris da daidaiton ƙafafu. Boris in ya mutu ya kan yi gunji mai ƙaruwa da gudu, ƙafar kuma ta yi ƙwal-ƙwal in an girgiza ta sama da ƙasa. Rashin daidaito kuwa taya ce ke tona shi, ta cinye gefe ɗaya ta bar ɗayan.

In an zo sake takalman birki, a sake na hagu da na dama tare, kuma kafin a fita gareji a taka feda sau da yawa har ta yi tauri.